Rakiyar bugu a wasan tanis

Rakiya ita ce tafiyar da raket ke ci gaba da yi bayan ya bugi ƙwallo, abin da ake kira accompagnement da Faransanci. Ƙwallo kan taɓa zaren raket na kimanin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa kawai, saboda haka amfanin rakiya tun kafin bugun yake farawa. Ɗan wasan da ya ƙudurta tsayar da hannu da wuri yakan rage gudu kafin ya taɓa ƙwallo, sai ta faɗa raga. Tsayawa kwatsam kuma na jawo ciwon gwiwar hannu da kafaɗa.

A bugun coup droit, na-dama kan ɗago raket daga ƙasa zuwa sama, ƙugunsa ya juya, raket ya ƙare bisa kafaɗar hagu. A revers mai hannu biyu, bisa kafaɗar dama yake ƙarewa. Rafael Nadal, wanda ya lashe Roland-Garros sau 14, kafin ya yi ritaya a 2024 yakan ƙare coup droit ɗinsa bisa kai don ƙwallo ta juya sosai.

Masu horarwa kan sa ɗalibi ya cafke raket da ɗaya hannun a ƙarshen kowane bugu, ya ɗan dakata, har jiki ya saba.