Jodrell Bank da Matsalar Shaida a Tseren Zuwa Duniyar Wata

A shekarun Yaƙin Cacar Baka, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suke tseren zuwa duniyar wata, harba kumbo bai isa ya tabbatar da nasara ba, domin duk abin da ɓangare ɗaya ya sanar, ɗayan na iya cewa farfaganda ce. Saboda haka aka buƙaci shaida wanda ba ya cikin tseren, kuma wannan matsayi ya faɗa hannun wata cibiyar bincike ta Jami'ar Manchester mai suna Jodrell Bank, wadda ba a gina ta don siyasa ba.

Tushen cibiyar yana komawa Birmingham, inda a shekarar 1940 John Randall da Harry Boot na jami'ar birnin suka ƙera magnetron, wato ƙaramar na'ura mai samar da igiyoyin rediyo gajeru masu ƙarfi, wadda ta sa rada, fasahar gano abu ta hanyar aika igiya da sauraron dawowarta, ta ƙara dacewa da ɗorawa a jirgin sama. Bernard Lovell, wanda ya kafa cibiyar, ya yi aikin yaƙi a kan irin wannan rada, kuma da ya koma Manchester a 1945 da ragowar kayan soja, sai ya tarar tartsatsin jiragen lantarki masu bin titin Oxford yana dagula masa awo, abin da ya sa ya kwashe kayansa zuwa wani filin sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Manchester a Cheshire, wato Jodrell Bank. A can ne shi da injiniya Charles Husband suka gina faranti mai faɗin mita 76 don sauraron igiyoyin da ke zuwa daga sararin samaniya, suka kuma juya shi da ƙarafan da aka ciro daga mazaunin bindigogin tsofaffin jiragen ruwan yaƙi. Kuɗin ginin ya zarce ƙiyasi nesa ba kusa ba, har kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya sa baki.

Abin da ya ceci sunan Lovell shi ne Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, wanda Sobiyet ta harba ranar 4 ga Oktoban 1957. Cikin kwanaki kaɗan farantin ya gano rokar da ta ɗauke shi, kuma da yake roka ce ta irin masu ɗaukar makami daga nahiya zuwa nahiya, waɗanda suke kukan ɓarnar kuɗi suka yi shiru.

Amurka ta shimfiɗa tashoshin bibiyar kumbo a ƙasashe da dama, har da wadda aka kafa a Kano, wadda ta saurari ɗan sama-jannatin Amurka John Glenn a kewayen duniya da ya yi a Fabrairun 1962. Sobiyet kuwa tana iya jin kumbonta, sai dai ba kowa yake gaskata ta ba, shi ya sa a Satumban 1959 ta aiko wa Jodrell Bank bayanan hanyar kumbonta Luna 2. Masanan cibiyar suka auna yadda amon siginar yake sauyawa yayin da wata yake ƙara janyo kumbon, har zuwa daƙiƙar da ya katse, da haka kuma suka tabbatar cewa abin da hannun ɗan'adam ya ƙera ya taɓa wata a karon farko. Amma shaida ba bawan mai ƙara ba ne. A Fabrairun 1966, da Luna 9 ya sauka lafiya, ma'aikatan suka gane cewa siginar tasa irin wadda jaridu suke aika hoto da ita ce, sai aka aro na'ura daga jaridar Daily Express, aka fitar da hotunan farko daga doron wata kafin Mosko ta fitar da nata, ko da yake sun fito a ɗan matse. Sobiyet ba ta ji daɗi ba, kuma tana da hujja. A Yulin 1969 ma cibiyar ta saurari Luna 15 har ya faɗi, alhali 'yan sama-jannatin Amurka Armstrong da Aldrin suna kan wata.

Burtaniya ta riƙe wannan matsayi na shaida ne saboda ba ta da shirin zuwa wata, har ma ta soke shirin rokarta, Black Arrow, a 1971. Duk da haka ba a ce Jodrell Bank 'yar ba-ruwanmu ce zalla ba, tunda a farkon shekarun 1960 an tanade ta don hango makamai masu linzami kafin a kammala tashar rada ta Fylingdales.

Komawa wata da ake shirin yi yanzu ta sha bamban, domin hankali ya karkata ga ƙanƙarar da ke ramukan kudancin wata, wadda za a iya sarrafa ta ta zama ruwan sha da makamashin roka. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1967 kan sararin samaniya ta haramta wa ƙasa mallakar wata, amma ba ta fayyace batun haƙar albarkatu ba, kuma a wannan giɓi ne Amurka ta kawo Yarjejeniyar Artemis a Oktoban 2020, wadda Burtaniya tana cikin ƙasashe takwas na farko da suka sa mata hannu, Nijeriya kuma ta bi a Disamban 2022, yayin da Sin da Rasha suka buɗe nasu shirin tashar bincike a 2021. Yarjejeniyar Artemis ta tanadi yankunan kariya kewaye da wuraren aiki, kuma duk ranar da aka yi saɓani a kan wanda ya shiga yankin wani, za a nemi shaida. Lokacin da Luna 25 na Rasha ya faɗi a Agustan 2023, hoton ramin da ake kyautata zaton shi ya bari ya fito ne daga wani kumbon hukumar NASA ta Amurka mai kewaya wata, wato daga hannun ɗaya daga cikin masu takarar.