Shayi a lokacin yaƙi: abin da ke tada kuɗinsa, da ganyayen gida da ake komawa gare su

Ƙasar Nijar ba ta noman shayi. Itacensa na son tudu mai sanyi da ruwan sama mai yawa, kuma gonakinsa mafi kusa da mu suna tsaunin Mambila a Nijeriya da tuddan Kamaru. Koren ganyen da ake dafawa a fadar samari a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, galibinsa daga ƙasar Sin yake zuwa, musamman yankunan Zhejiang da Anhui. Lambobin da ake gani jikin kwali, irin su 41022 da 4011 da 9371, matakan kyawon ganyen ne. Baƙin shayi na masu tebur kuwa, wanda ake sha da madara da burodi, tushensa Kenya ne da Indiya da Sri Lanka. Saboda haka wani kaso na kuɗin da mai saye ke biya a kanti, kuɗin hanya ne: jirgin ruwa, inshora, tashar teku, duwan, gazuwal da babbar mota. Yaƙi bai cika ƙone gonar shayi ba. Hanya yake tsarewa, kuma wannan kaɗai ya isa ya tada farashi.

Yadda yaƙi ya taɓa shayi a tarihi

Abin mamaki, yaƙi na cikin abubuwan da suka kawo mana shayin. Tun ƙarni na 18 ana shansa a fadar sarkin Maroko, amma abin manya ne. Masana tarihi da dama na danganta yaɗuwarsa cikin talakawa da Yaƙin Kirimiya (1853-1856), lokacin da aka toshe tashoshin tekun Baltik, fataken Ingila suka rasa kasuwarsu ta can, suka karkato da hajarsu zuwa Tanja da Essaouira. Daga Maroko ayarin raƙuma suka ratso da shi hamada, ya shiga hannun Larabawa da Abzinawa, sannan ya gangaro ƙasar Hausa.

Misalin da aka fi sani shi ne na Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka fara yaƙin a 1939, gwamnati ta karɓe duk shayin da ke ajiye a ƙasar, aka rufe kasuwar gwanjon shayi ta Landan, aka kwashe kaya daga rumbunan bakin kogin Thames aka rarraba su cikin ƙasa don tsoron bama-bamai. A watan Yulin 1940 aka ƙayyade wa kowane mutum awo: giram 57 a mako. Wato ɗan sama da ƙananan kwalaye biyu na giram 25 da ake sayarwa a kantunanmu, abin da wata fada ke cinyewa tsakanin la'asar da tsakar dare. A 1942 Japan ta mamaye tsibirin Java, ɗaya daga cikin manyan wuraren noman shayi, kaya suka ƙara ƙaranci. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma kasuwar gwanjon ba ta buɗe ba sai 1951, awon kuma ba a ɗage shi ba sai Oktoban 1952.

Mutanen Ailan sun fi jin jiki, duk da cewa ƙasarsu ba ta shiga yaƙin ba. Ta hannun Landan suke sayen shayinsu, kuma da Ingila ta rage musu a 1941, awonsu ya sauka har giram 14 a mako. Bayan nan suka ɗauki darasi, suka koma sayowa kai tsaye daga ƙasashen da ke nomawa. Duk ƙasar da kayanta ke bi ta ƙofar wani ta san wannan hali.

Mu ma mun ɗanɗana. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 yankunan Faransa na Afirka ta Yamma suna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, jiragen Ingila sun tsare teku, iyaka da Nijeriya ta zama iyakar abokan gaba, yadi da sukari da kananzir suka yi wuyar samu, sumogal ya bunƙasa. A zamaninmu kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta saka takunkumi, hanyar Kwatano ta tsaya a gadar Gaya da Malanville. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso zuwa Tera, cikin jerin gwano da rakiyar soja, kuma kowane kwanan jira a kan hanya kuɗi ne da ke ƙarewa a kan mai saye. Hare-haren da aka fara kai wa jirage a Bahar Maliya a ƙarshen 2023 sun tada kuɗin dakon kwantena a duniya, har ga jiragen da ba ta can suke bi ba.

Abin da ake dafawa a madadinsa

Ko'ina shayi ya yi tsada, mutane kan koma ga ganyen da kakanni ke dafawa don magani. Jamusawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya sun sha ganyen itatuwan dajinsu. A nan, abin da ke kusa shi ne geza, wadda a Senegal da Mali ake kira kinkeliba, ana shanta da safe da lokacin buɗa baki. Akwai soɓo, citta, kanumfari, na'a-na'a, tsamiya da lemun tsami.

Waɗannan suna ba da ɗumi da ƙamshi da dalilin zama a yi hira, amma babu kafeyin a cikinsu, wato sinadarin da ke kore barci. Shi ya sa wanda ya saba da zagaye uku kullum, in ya daina kwatsam, yakan yi ciwon kai da kasala bayan yini guda. Ba cuta ba ce. Takan wuce cikin ƴan kwanaki, da wuya ta haura mako guda da ɗan abu, kuma ragewa sannu a hankali ya fi yankewa lokaci ɗaya.

A nan akwai abin lura mai muhimmanci game da suna. A wurare da dama na ƙasarmu, in an ce kinkeliba, raiɗore ake nufi, ba geza ba, kuma tsirrai biyu ne dabam. An daɗe ana soya ƴaƴan raiɗore a niƙa a sha kamar kafe, amma ɗanyunsu guba ne. Suna kashe dabbobi in sun ci da yawa, kuma a arewacin Indiya an gano cewa su ne sanadin mutuwar yara da suka ci su, saboda suna lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Tsiron na fita a kangaye da bakin bola da damina, inda yara ke wasa.

Abin da maganin gida ke iyawa

Wasu daga cikin dabarun tsofaffi bincike ya gaskata su. Citta na rage tashin zuciya. Kanumfari na da mai da ke kashe zafin haƙori na ɗan lokaci, ko da yake ramin haƙorin na nan sai an je likita. Zuma cikin ruwan ɗumi da lemun tsami na sassauta tari, amma ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ba. Soɓo na ɗan rage hawan jini, sai dai irin sukarin da ake zuba masa kan ɓata amfanin, kuma mai shan ƙwayar hawan jini kada ya ajiye ta don yana shan soɓo.

Wasu kuwa suna jawo asara. Dafa ganyen dogon yaro ga mai masassara bai kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma kwana biyun da aka ɓata ana jiƙo kan isa yaro ya kai ga suma. Gwajin jini na gaggawa bai wuce minti 20 ba. Haka ma shayi mai kauri da ake bai wa mai zawo: abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuma SRO ne da zinc. In babu na farmasi, a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba tare da an yi tozo ba.

Shi kansa shayin yana da nasa aibin. Ɗacin da ke cikinsa na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, musamman irin na gero da wake da ganye, waɗanda su ne cimarmu. Ga mai juna biyu da yaro da mai ƙarancin jini, gara a bar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi.