Ginin Ƙasa Ba Ya Faɗin Shekarunsa

Hotunan tsohon birnin Kano da ke yawo a Facebook, da ka ake liƙa wa yawancinsu shekara, sau da yawa 1903, shekarar da Turawa suka ci birnin. Ginin ƙasa ne ke ruɗin mutane. Soro da zanko kusan kamanninsu ɗaya tun zamanin Sarki Alu har bayan samun 'yancin kai, kuma sabon yaɓe yakan mayar da tsohon gida yaro.

Don haka a bar bango, a nemi baƙon abu a cikin hoton. Turakun lantarki da famfon unguwa ba su shiga birni ba sai wajen 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Babban Masallaci ya fi komai iya ba da shaida: in an hango ƙubba da hasumiyoyi biyu, hoton bai riga farkon shekarun 1950 ba, in doguwar hasumiyar ƙasa ce a tsaye, ya girmi haka. Motoci a hannun hagu na nufin kafin Afrilun 1972. Sai dai a kula, mai wanke hoto kan kifa fim, hagu ya koma dama, kuma rubutun allon shago ne zai tona asirin.

Gano unguwar ya fi wuya, domin an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu. Dala da Gwauron Dutse ne ba su gusa ba. Inda suka faɗo a hoton shi ke nuna inda mai ɗauka ya tsaya.