Juya a Tarihin Gobir

A Kurawa, ƙasar Sabon Birni inda aka haife ni, idan mace ta shekara uku a ɗakin miji ba ta ko yi ɓari ba, sai a fara raɗa. Daga raɗa sai suna: juya. Shi kuwa maigida ba shi da suna, kishiya kawai ake nema masa.

Wannan al'amari ba yau ya fara ba. Tun zamanin Alƙalawa, kafin faɗuwarta a 1808, Gobirawa suna da sarautar Inna, watau 'yar gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori. Mace mai neman haihuwa can take kai kukanta, a ce mata iska ce ta riƙe mahaifa, ga abin da za a yanka. Ko mutum ya yarda da bori ko bai yarda ba, ya kamata ya lura da abu guda: an ɗauke laifin daga kan matar an aza wa iska. Bayan Jihadi, Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa 'Yan Taru, jajis suna shiga ƙauyuka suna jawo mata zuwa ga karatu da haƙuri da ƙaddara. Amma sarautar Inna ta bi Gobirawa har Tsibiri, kusa da Maraɗi.

Wata mafitar ita ce riƙo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma 'ya'yan riƙo suka cika mata ɗaki. To, sun cika mata zuciya? Nan ne tarihi yake yin shiru, domin marubutansa sun ƙirga yaƙe-yaƙe da haraji, ba su ƙirga daren da mace ta kwana tana kuka ba.

Yanzu likitoci sun fara awon. A 2011 aka fito da FertiQoL, jerin tambayoyi da ake yi wa ma'aurata, har a Indiya, don gane yawan damuwarsu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma an san sau da yawa matsalar daga namiji take. Na faɗa wa wata gwaggona haka. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko zan iya maimaitawa a gaban mijinta.