Les Amazones d'Afrique: Ƙungiyar mawaƙa mata da ta samo asali daga Bamako

Les Amazones d'Afrique ƙungiya ce ta mawaƙa mata da aka kafa a Bamako, babban birnin Mali, a shekarar 2014. Fitattun mawaƙan ƙasar uku ne suka aza tubalinta: Mamani Keïta da Oumou Sangaré da Mariam Doumbia, wadda duniya ta sani tare da mijinta da sunan Amadou da Mariam. Manufarsu ita ce mata su haɗa ƙarfi a sana'ar da maza suka yi kane-kane a cikinta, su kuma yi amfani da waƙa wajen yaƙar cin zarafin mata.

Asalin sunan

Sunan yana da tushe biyu. Na farko shi ne rundunar mata mayaƙa ta daular Dahomey, a ƙasar Benin ta yau. Na biyu kuwa shi ne Les Amazones de Guinée, ƙungiyar kiɗa ta mata jami'an tsaro da aka kafa a Gini a 1961.

Yadda take aiki

Ƙungiyar ba ta da mambobi na dindindin. Wasu na shiga, wasu na komawa ga ayyukansu, ta yadda mawaƙiyar da ta yi suna kan raba dandamali da mai tasowa. Alal misali, a faifansu na farko an ji Kandia Kouyaté, gogaggiyar mawaƙiyar gargajiya ta Mali, da Angélique Kidjo ta Benin, da Nneka, haifaffiyar Warri a Najeriya, tare da Rokia Koné, wadda a lokacin ba a san ta sosai a wajen Mali ba. Daga bisani, a 2022, Rokia ta fitar da faifan da ya kai ta kasuwar duniya.

Wannan tsari yana da muhimmanci, domin a harkar kiɗa gwaninta kaɗai ba ta buɗe ƙofa. Sai an samu wanda zai gabatar da mawaƙi ga kamfanoni da masu shirya bukukuwa, kuma akasarin masu wannan iko maza ne.

Ayyukansu

Sun yi wasansu na farko a birnin Marseille na Faransa a 2015. Faifansu na farko, République Amazone, ya fito a 2017 a ƙarƙashin kamfanin Real World na Peter Gabriel. Amazones Power ya biyo baya a 2020, sai Musow Danse a 2024, inda aka ji muryoyin Fafa Ruffino ta Benin da Kandy Guira ta Burkina Faso da Dobet Gnahoré ta Kodebuwa. Jigogin waƙoƙin sun haɗa da auren dole da kaciyar mata da dukan mata a gidajen aure.

Waƙar da ta fara fito da su ita ce I Play the Kora. Kora wani abin kiɗa ne mai tsirkiya 21, wanda a al'adar Mandinka aka daɗe ana keɓe wa maza, yayin da ake barin mata da rerawa. Saboda haka sunan waƙar kansa ƙalubale ne ga wannan rabo. An sadaukar da kuɗin da ta samar ga Gidauniyar Panzi ta Dakta Denis Mukwege, likitan da ke jinyar matan da aka yi wa fyaɗe a Bukavu, gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, wanda ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2018.

Sauran aiki

Duk da wannan nasara, akwai kujerar da ba ta koma hannun mata ba. Wanda ya tsara sautin faifai biyu na farko namiji ne, wato Liam Farrell da ake kira Doctor L; na ukun ma namiji ne, Jacknife Lee. Furodusa shi ne mai yanke hukunci kan yadda waƙa za ta fita, kuma yakan samu kaso daga ribarta.

Wannan giɓi bai tsaya ga Afirka ba. Wani binciken Jami'ar Kudancin Kalifoniya da aka fitar a 2018, kan waƙoƙi 600 da suka fi tashe a Amurka daga 2012 zuwa 2017, ya gano cewa kimanin kashi 22 cikin 100 na mawaƙan ne mata, kashi 12 na marubutan waƙoƙin, sai kashi 2 kacal na furodusoshi.

Tarihin ƙungiyar ya nuna cewa haɗin kan mata yana iya buɗe wa mawaƙiya dandamali da kasuwa. Abin da ya rage shi ne ya kai ga ɗakin naɗar sauti da teburin ƙulla yarjejeniya, inda ake raba kuɗi da haƙƙin mallaka.