Kano ko Yamai? Nazari kan Arahar Tikitin Jirgi ga Ɗan Kasuwar Maraɗi, 2019 zuwa 2025

Tsakure

Wannan maƙala ta auna maganar da ta zama ruwan dare a bakin fataken Maraɗi, wato tashi daga Kano ya fi tashi daga Yamai araha. Ta nuna cewa mafi yawan arahar daga ratar canjin naira ta fito, kuma ratar ta tsuke tun farkon 2024. Abin da ya rage wa Kano shi ne kusanci, shi kuwa yana hannun masu buɗe iyaka da rufe ta.

Gabatarwa

Filin jirgin Maraɗi na zirga-zirgar cikin gida ne. Mai son zuwa Dubai, Guwanzu, Alƙahira ko Jidda sarin kaya sai ya nemi wani fili. Yamai na da nisan kimanin kilomita 660 a kan babbar hanyar ƙasa. Kano kuwa kimanin 260 ce, ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina. Mutumin Jiratawa yana kan hanyar iyaka tun daga ƙofar gidansa. Na Tibirin Gobir yana bakin hanyar Yamai, amma shi ma Kano ta fi masa kusa nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce: wannan kusanci ne ke kawo arahar?

Bitar abin da ya gabata

Emmanuel Grégoire, a littafinsa Les Alhazai de Maradi (1986), ya nuna yadda attajiran garin suka tashi daga cinikin gyaɗa zuwa fiton kaya Nijeriya. Darasinsa, cewa arzikin Maraɗi yana bin iyaka da canjin kuɗi, shi ne ginshiƙin wannan nazari.

Ra'ayin da nake jayayya da shi na masu ba matafiya shawara ne, waɗanda ke cewa a duba filayen da ke kewaye, a ɗauki mai ƙaramin farashi, a ɗora kuɗin mota. Shawarar ta dace da wanda ke zaɓe tsakanin filaye biyu na gari ɗaya, kuɗi ɗaya, hukuma ɗaya. Bamaraɗe yana zaɓe ne tsakanin sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957, da naira, wadda farashinta ke motsi kullum. Lissafin da ya bar wannan a waje gurgu ne, ko da an jera shi da kyau.

Hanyar bincike

Na dogara da bayanan da ke fili: nisan hanyoyi, ranakun rufe iyaka, farashin canji na hukuma da na kasuwa, da sanarwar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA.

Ratar canji

Kamfanonin jiragen ƙetare da dala suke yanke farashi, sannan a juya shi naira a kan canjin da ke bin na hukuma. A ƙarshen 2022 dala tana wajen naira 450 a hukumance, tana wajen 740 a hannun 'yan canji irin na Wapa a Kano. A ɗauki tikitin dala 1,000 a matsayin misali. A ofis naira 450,000 ne. Wanda ya shigo da sefa ya canja a kasuwa zai haɗa wannan kuɗi da abin da bai wuce darajar dala 610 ba. Ragin ya kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma bai da alaƙa da nisan Kano ko ingancin filinta. Wanda ya saya a Yamai da sefa bai da wannan ƙofa ko kaɗan.

To, amma ratar da ta ba fatake riba ita ce ta cuci kamfanonin. Suna karɓar naira, babban banki ba ya ba su dala su fitar. A Yunin 2023 IATA ta ce kuɗinsu da suka maƙale a Nijeriya sun haura dala miliyan 800, fiye da na kowace ƙasa. Emirates ta dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen Oktoban 2022, ba ta dawo ba sai 1 ga Oktoba, 2024. Wasu kamfanonin suka rufe kujeru masu sauƙin farashi ga masu saye da naira, suka bar masu tsada. Ke nan tun kafin ratar ta tsuke, an fara karɓe ragin da hannun hagu.

A tsakiyar Yunin 2023 Nijeriya ta saki naira ta nemi farashinta. Ratar ta sake buɗewa a ƙarshen shekarar, ta tsuke sosai a farkon 2024. Abin lura, wannan buɗewa ta biyu ta zo daidai lokacin da iyaka ke garƙame, don haka Bamaraɗe bai mora ba. A ganina mai cewa yau Kano ta fi araha don naira ta faɗi yana magana ne da tunanin jiya: faɗuwar naira tana sauƙaƙa masa mota, masauki da abinci, amma tikiti na bin dala duk inda ta je.

Iyaka

Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya sake rufe iyakar Nijeriya da Nijar har Maris 2024. Jimilla, kusan shekara biyu cikin biyar hanyar Kano ba ta da tabbas. Nijar ta fita daga ƙungiyar a 29 ga Janairu, 2025, ko da yake an bar shiga ba tare da biza ba. Ga kuma matsalar 'yan bindiga a yankin Jibiya da Madarunfa, wadda ke tilasta tafiyar rana da kwana a Kano kafin tashi. Filin Katsina, mai nisan kimanin kilomita 90, bai warware komai ba, domin ban da jigilar alhazai, cikin Nijeriya yake kai mutum.

Ban da kusanci, inda Kano ke da ƙarfi shi ne gabas: Ethiopian, EgyptAir da Qatar Airways sun yi jigila daga can. Yamai tana da Turkish Airlines da Royal Air Maroc, kuma Ethiopian na sauka a duka biyun, abin da ke ba da damar kwatanta farashi a kamfani ɗaya.

Iyakar nazarin

Ban jera farashin tikiti na rana-rana ba, kuma ban auna abin da ake kashewa a shingayen hanya ba. Yin hakan zai iya gyara girman bambancin. Ba zai taɓa tushensa ba.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai rage wahalar tafiya idan an gama shi. Kafin nan, ɗan kasuwa ya nemi farashin Kano da na Yamai a rana ɗaya, ya juya su sefa a canjin ranar, ya tabbatar Ɗan Isa a buɗe take, sannan ya biya.