Na'urorin Auna Lafiya da Ake Mannawa a Jiki: Wa Ya Karya Musu Farashi?

Bayan da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, sannan Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Gadarif ta cika maƙil da baƙi. Garin da aka sani da dawa da riɗi ya zama masaukin masu ciwon suga da hawan jini da suka baro likitocinsu da katunan asibitinsu a baya. Shi ya sa gardamar 'yan na'urorin nan da ake ɗaurawa a hannu ko a manna a fata ta shafe mu kai tsaye. Wasu na cewa kayan 'yan gayu ne, wasu na cewa su ne mafita a inda layin ganin likita ba ya ƙarewa.

Kama wuyan hannun majinyaci a ji bugun jininsa tsohon abu ne, Ibnu Sina ma ya yi dogon bayani a kai. A 1867 likitan Ingila Thomas Allbutt ya fito da gajeren ma'aunin zafin jiki mai shiga aljihu. Wajajen 1903 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera injin zana bugun zuciya mai nauyin kilo kusan 270, sai majinyaci ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri kafin ya yi aiki. A ƙarshen shekarun 1940 Norman Holter na Amurka ya mai da shi abin goyawa a baya, amma har a lokacin nauyinsa ya kai kilo 38.

Masu ba da wannan tarihi sun fi son jingina ci gaban ga 'yan sama jannati, waɗanda ake sauraron zuciyarsu daga ƙasa a shekarun 1960. Wasu kuma su ce 'yan wasan tsere ne, domin a 1982 kamfanin Polar na Finland ya fitar da ma'aunin bugun zuciya marar waya. Duka biyun sun taimaka wajen ƙanƙanta na'ura, ban musa ba. Sai dai ƙanƙanta daban, araha daban. A ganina masu ciwon suga da injin ɗab'i su ne suka karya farashi.

Ga dalilina. A 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka nuna cewa za a iya sa sinadari ya taɓa sugan da ke cikin jini, ya haifar da ɗan ƙaramin motsin lantarki da za a auna. Shekara da shekaru abin bai bar ɗakin gwaji ba. Sai a 1987, bayan aikin masana a Oxford da Cranfield, aka fito da ExacTech, ma'auni mai siffar biro da ke aiki da ɗan tsinken roba na amfani sau ɗaya. Tsinken nan buga shi ake yi da tawada mai ɗaukar lantarki, kamar yadda mai buga riguna ke shafa fenti ta cikin raga. Tunda mai ciwon suga kullum sai ya auna, kasuwa ta buɗe, masana'antu suka koyi buga ma'auni da yawan gaske a kan roba mai lanƙwasa. Kusan duk wata filastar auna lafiya mai rahusa da ake gwadawa yau jikar wannan tsinke ce.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 2011 John Rogers da abokan aikinsa a jami'ar Illinois suka nuna wayoyi sirara masu lanƙaye-lanƙaye da ke miƙewa tare da fata. A 2014 FreeStyle Libre ya shiga kasuwar Turai, ɗan faifai ne da ake mannawa a dantse ya yi kwana 14 yana bin suga. A 2019 ƙungiyar Rogers, a jami'ar Northwestern wannan karon, ta fitar da filasta marar waya don jarirai bakwaini, wadda ke ba uwa damar rungumar ɗanta ana ci gaba da aunawa. Wannan ya fi komai taɓa mini zuciya.

Akwai gyara babba da ya shafi fatarmu. Ɗan maƙalen yatsa mai auna iskar oksijin, wanda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970, haske yake haskawa ta cikin fata. A 2020 wani bincike na jami'ar Michigan ya nuna yana kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. A Fabrairun 2024 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan agoguna da zobba masu da'awar auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai allurar insulin da ya dogara da irin wannan agogo yana wasa da ransa, kuma hana sayar da su wajibi ne.

Wani abin da ba a cika sawa cikin wannan tarihi ba shi ne zaren auna dantsen yaro mai launin kore da rawaya da ja. Ba shi da batir, amma yana lanƙwasa, yana da araha, yana gano tamowa: ƙasa da milimita 115 ja ne, sai a garzaya asibiti. A Mirriya ta jihar Damagaram ƙungiyar agaji ta ALIMA ta danƙa shi a hannun uwaye, aka ga suna aunawa daidai, kuma suna kai yara da wuri. Duk mai ƙera na'ura don talaka ya kamata ya yi nazarin abin da ya faru a can.

A Gadarif bazara kan haura digiri 40, gam ɗin da bai jure zufa ba ba zai kwana a fata ba. Wutar lantarki ba tabbas. Da damina baƙar laka kan yanke ƙauyuka daga gari. Ga kuma cutar kala-azar, wadda ta daɗe tana cin rayuka a ƙauyukan bakin kogin Atbara da Rahad, ciki har da na Hausawa. Alamar da ake fara zargin ta da ita ita ce zazzaɓin da ya wuce mako biyu tare da kumburin saifa, kuma galibi da ka ake ƙirga kwanakin. Filastar da za ta riƙe lissafin zafin jikin yaro na tsawon waɗannan kwanaki, ta nuna da launi ba sai da wayar salula ba, a farashin da manomin riɗi zai iya biya, ita ya kamata jami'ar Gadarif da ma'aikatar lafiya ta jiha su nemi a gwada a nan, a jikin yaranmu da fatarsu.